Kawu Arzika da Jar Rigar Labbo

Ku da kuka taɓa zama a rumfar Kawu Arzika, nan bakin kasuwar Wurno, kun san tambayar nan tasa. Mutum ya ɗauki naɗin taba daga faifansa, ya juya, ya shinshina, ya ce, "Wannan kam ya yi kyau." Kawu ba zai ce madalla ba. Sai ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya ce:

"Ka ga na Labbo?"

In ka ce ba ka gani ba, ya zare naɗinsa daga hannunka ya mayar faifai. "To, mi kas sani?" In kuwa ka ce ka gani, ka jawo wa kanka zama, domin ba za ka tashi ba sai ka faɗi wanne ya fi. Ka ce nasa ya fi, ya ce kunyarsa kake ji. Ka ce na Labbo ya fi, ya daina amsa gaisuwarka har a ga sabon wata. Wani bafatake ya taɓa neman kuɓuta, ya ce ai duk ɗaya ne. Kawu ya bi shi da ido har ya shige rumfar masu albasa, sannan ya juyo gare ni.

"Ummaru, wanga ko kashin jaki anka naɗe mashi, zuƙa zai yi har da godiya."

Ni ɗan ƙanwarsa ne. A gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina, a gidansa kuma na yi karatu har na kai ga juyar littattafai, wato kwafarsu da hannuna. Ban taɓa sa taba a bakina ba. Malamanmu ma ba bakinsu ɗaya ba a kanta, wasu na ƙyama, wasu na kau da kai, ni kuwa ban isa in raba musu gardama ba. Abin da na gani kawai zan faɗa, kuma na ga da yawa, domin mutumin da ba ya magana akan manta yana wurin.

Labbo, ga wanda bai san shi ba, mutumin Goronyo ne, sana'arsu ɗaya da Kawu. Masu noman taba a fadamar Rima suna da yawa, amma galibinsu dakawa suke yi, ko su kitsa ta su sayar wa masu lofe. Su biyun nan ne masu naɗi. Akan tattara ganye a murza shi ya yi kaurin babban yatsa, tsawonsa kamar taƙi, sannan a lulluɓe shi da ganye guda mai laushi, a liƙe bakin da ƙaro. Mai saye ya kunna gefe ɗaya da garwashi, ya zuƙa ta ɗayan. Wannan ganye na waje shi Kawu ke kira riga, kuma a kanta ya ƙare rayuwarsa.

"Ciki kowa na da ciki," in ji shi. "Riga ita ido ka gani, ita leɓe ka taɓawa, ita hanci ka hwara ji. In ta yi kauri, hayaƙi shi yi ɗaci. In ta yi ɗanye, ta ƙi cin wuta. In jijiya ta taso, naɗi shi karkace awa ƙahwar gwano."

Rigar Kawu fara-fara ce kamar sabuwar ƙwarya, sumul, ba huda ba tabo. Masu sha sun ce tana cin wuta daidai, tokarta fara, sai dai tana ɗan kartar maƙoshi. Ta Labbo kuwa ja ce mai duhu, kamar fatar jar akuya da ta ji jima, tana ƙyalli kamar an shafa mata mai. Hayaƙinta, in ji su, sanyi ne da shi, da ƙanshi irin na dabino. Kowa ya yarda hannun Kawu ya fi gwaninta, amma in aka ajiye naɗin biyu tare, na Labbo ido ke fara faɗa wa. Wannan ja shi ne ciwon Kawu. Ba dukiya yake nema ba, ba sarauta ba. So yake kafin ya mutu ya naɗa riga mai jan nan da hannunsa, a gani, a shaida.

Yadda yake zaɓen ganye ma abin kallo ne. Da hantsi zai zauna a tsakar gida, ya ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya yana kallon rana ta cikinsa. Ɗigo kamar ƙwayar gero ya isa ya jefar da ganye bayansa. Abin da yake jefarwa ya ninka abin da yake ajiyewa. Masu dakan taba sun sha roƙonsa ya sayar musu, ya ƙi, wai kada wata rana a ɗaga ganye mai tabo a ce na Arzika ne. In tulin ya taru sai ya kira matarsa.

"Kulu, kwashe ki ƙona."

"To, Malam," in ji Inna Kulu, ta kwashe ta yi madafa da shi.

Waɗanda suka tsira kuwa sun zama 'yan gata. Ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan aka ba su, wato ɗakina. Ni aka mayar zaure, ni da gafakata ta littattafai da akumarin jaki. Safe da maraice Kawu yana ciki, yana juya su, yana raba su kada wani ya taɓa wani, ya buɗe ƙofa su sha iska, ya rufe kada su sha da yawa. Na taɓa jin yana tambayarsu kwana. Wasu yara da 'yan'uwansu suke tashi suna kishi, ni da ganye aka haɗa ni. Ga kuma Labbo, mutumin da ban taɓa gani ba, ana kiran sunansa a gidanmu fiye da nawa.

Ranar da na gama juyar littafina na farko, na daɗe ina zagaya Kawu kafin in iya miƙa masa takarda ɗaya. Ya karɓa, ya ɗaga ta sama, ya runtse ido ɗaya, ya shinshina.

"Takarda mai kyau," ya ce. "Ba jijiya."

Bai kalli rubutun ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wari. Duk takardar da na fitar a gaban malaminmu sai ta buso taba. Wata rana Malam ya kai shafi kusa da hancinsa, ya dube ni ta saman rawani, a gaban dukan ɗalibai.

"Ummaru, ko an hwara?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na dawo gida na zazzage gafaka, sai ga ganyen taba kwance a ƙasanta. Na fitar, bayan kwana kaɗan na tarar da wani. Na yi ta maza na tambayi Kawu.

"Don gara," ya ce, bai ko ɗago ba. "Gara da asu ba su son warinta."

Na ce a raina, to, ko cikin abin ƙonawa ma na samu rabo. Na bar shi.

Wata shekara da rani haƙurin Kawu ya ƙare, ya ce Goronyo za mu, ranar kasuwa, ya ga abin da Labbo ke yi da idonsa. Ya ari rigar maƙwabci, ya naɗa rawani har ya rufe hanci, ido kawai ya bari. A lokacin na riga na fara gemu, ina kuma da karatu a ranar, na ce ko zai tafi da wani.

"Kai za mu. Ni baƙo ne daga Katsina, kai ɗana."

"Kawu, don mi sai ni?"

"Huskarka ba mai tuna ta."

Na ɗaura wa jaki akumari.

Muka tarar da Labbo ƙarƙashin wata ceɗiya, gajere, mai tumbi, dariya ba ta barin bakinsa. Naɗinsa na jibge cikin kwando kamar ƙirare, kaji na kiwo kusa. Na ji Kawu ya ja numfashi ta cikin rawani. Shi da ke jera nasa a faifai kamar ƙwai.

"Baƙo, sannu da zuwa," in ji Labbo. "Daga ina?"

"Katsina," in ji Kawu, da wata siririyar murya da ban taɓa ji ba.

"Madalla. A diba, a diba."

Kawu ya ɗauki guda. Ya ɗaga shi sama, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya. Rana ta faɗa kan jan nan. Da ya ajiye muka tafi, da an rabu lafiya. Amma ina! Sai na ji muryarsa ta gaskiya ta fito, irin wadda ake ji daga rumfarsa har mahauta.

"Wa yak koya maka naɗi? Jijiya ciki taka kallo, ba waje ba. Ga ƙaro ka lafta awa mai yaɓen bango. Ganye irin wanga a hannunka!"

Labbo ya dube shi, ya dubi hannunsa.

"Haka mutanen Katsina ka cewa?"

"Haka."

"To, in za ka koma Katsina, don Allah ka biya ta Wurno ka gaishe min da Arzika. Ka ce mashi hwarcen babban yatsa nai ya yi tsawo, shi rage."

Kun dai san farcen nan, wanda Kawu ya bari don tsaga ƙashin ganye, baƙi wuluk, ya lanƙwashe kamar lauje. Ya rufe fuska, ya manta da shi. Masu albasa da masu kifi da ke kusa suka kwashe da dariya. Labbo ya zaɓi naɗin da ya fi kowanne ja, ya miƙo da hannu biyu.

"Ka kai mashi wanga, tsaraba."

Kawu ya karɓa, domin ba a mayar da kyauta a gaban jama'a. Muka kama hanya, da muka hango ganuwar Wurno sai ya juyo gare ni.

"Ummaru, ka ga ja?"

"Na gani, Kawu."

"Ba ka gani ba," ya ce. "Da ka gani da ba ka iya cin tuwo yau."

Wannan naɗi bai sha shi ba, bai kuma yar ba. Ya samo masa batta ta fata mai murfi. In rai ya ɓaci sai ya fito da shi, ya zage shi son ransa, ya shafa shi a hankali da bayan yatsa, ya mayar.

Daga nan gidanmu bai sake hutawa ba. Da farko ya ce rana ce, Labbo na barin ganyensa ya sha rana sosai. Ya sare duk abin da ke yi wa gona inuwa, ganye ya fito da kauri kamar kunnen jaki, mai ɗaci. Shekarar da ta biyo ya ce ashe inuwa ce. Ya kwashe zanan gidan nan kaf ya kai fadama, da bai isa ba ya haɗa da zannuwan Inna Kulu na shanya. Masu wucewa a jirgin ruwa suka riƙa tambaya ko biki ake a gonar Arzika. Ganye ya fito da laushi kamar fatar jariri, amma ya ƙara fari. Ya shafa zuma, tururuwa suka yi sallah a tsohon ɗakina. Ya shafa man shanu, mai saye ya kunna, ya dawo yana tambaya ko tsire aka naɗe masa. Ya aika aka sato masa ƙasar gonar Labbo cikin taiki, ya shuka a kai. Ba ja.

"Malam, ka bar ganyen ga shi huta mana," in ji Inna Kulu wata rana tana kwashe tulin ƙonawa.

"Ke mi kinka sani ga taba? Ki tsaya ga miya."

"To, Malam."

Miyar Inna Kulu kuwa, ku shaida ne, ba ta taɓa rasa daddawa da gishiri ba, ko a shekarar da kuɗin gida duk ya tafi ga zuma.

Sai shekarar da madugun Azbinawa ya sauko da raƙuma. Ya sayar da gishirinsa, ya ce yana son tabar da ta fi kowace a ƙasar Rima, kaya guda, daga hannun mutum ɗaya. Aka ambata masa suna biyu. Ya ce su same shi kasuwar Achida, kowa da nasa, ya gani. Labari ya bazu. Kawu bai damu da cinikin ba, abin da ya dame shi shi ne a gaban jama'a za a faɗi wanda ya fi, kuma baƙo ne zai faɗa, wanda ba ya jin kunyar kowa. Ya zaɓa, ya sake zaɓa, ya sa rigarsa ta sallah, ya hana ni riƙe faifan, wai tafin hannuna na gumi.

Madugun na zaune ƙarƙashin tsamiya, dogo, fuskarsa a rufe, raƙuminsa na durƙushe bayansa. Kawu ya ajiye faifai a dama, Labbo ya ajiye kwando a hagu. Suka gaisa kamar masu takaba. Mutane suka kewaye, har mahauta sun bar nama.

Madugu ya ɗauki na Labbo, ya ɗauki na Kawu, ya auna su a hannu. Sannan ya sa farce ya tsaga rigar wannan, ya tsaga ta wancan, ya ɓare su kamar mai ɓarar gyaɗa, ya watsa bayansa. Raƙumi ya miƙo wuya ya lashe. Shi kuwa ya marmashe cikin, ya haɗa da 'yar kanwa, ya cusa a kumatu. Ashe Azbinawa taunawa suke yi, ba wanda ya tuna ya gaya wa gwanayen nan biyu.

Ya tauna, ya tauna, ya tofar.

"Duka biyu da kyau," ya ce. "Amma ku kawo mani ba ɓawo."

"Ɓawo," in ji Kawu a hankali.

"Ɓawo yac ce," in ji Labbo. Ranar ce kaɗai na ga fuskarsa ba dariya.

Ba su yi shawara ba. Wannan ya ɗauki faifansa, wancan ya ɗauki kwandonsa, suka bar madugu yana tambayar mutane laifin da ya yi. Suka zauna a inuwa ɗaya, Labbo ya sayi fura, suka sha a ƙwarya ɗaya. Na ce alhamdu lillahi, abin ya ƙare. Sai da furar ta kusa ƙarewa Kawu ya ajiye ludayi.

"Labbo."

"Na'am."

"Raƙumin can, taka yah hwara ɗauka."

"Haba Arzika, ita ta hi kusa da shi."

"Na ga yadda yal lumshe ido."

Haka muka dawo da ciwonmu, har ya ƙaru da na raƙumi.

Shekaru suka wuce. Bayan wata damina ƙafafun Kawu suka kumbura, ya daina zuwa rumfa, daga baya ya daina fita tsakar gida. Bai yi kukan ciwo ba. Abin da yake maimaitawa, in na zauna kusa da shi ina karatu, ɗaya ne.

"Ummaru, zan tahi ban yi ja ba."

Ni kuwa duk abin da na karanta ba inda aka yi maganar ja.

Wata ranar Laraba da hantsi muka ji sallama, sai ga Labbo a kan jaki, ya tsufa, tumbin ya zube, dariyar dai na nan. Ya ji labari ya zo gaisuwa. Kawu ya ce in tashe shi zaune, in ɗauko batta. Ya fito da naɗin nan, ya bushe ƙayau, amma jan na nan. Ya ajiye shi tsakaninsu. Na san abin da maganar da zai yi za ta ci masa, don haka na sunkuyar da kai.

"Labbo, ba ni ƙara noman taba. Ba ni da abin da zan ƙwace maka. Don Allah ka gaya min. Iri ne, ko ƙasa, ko wani ruwa kaka sa mashi?"

Labbo ya sosa ƙeya.

"Wallahi Arzika, da ka tambaye ni tun ranar Katsina da na gaya maka. Ni ban taɓa noman riga ba. Gonata ciki kaɗai taka badawa. Riga saye nikai."

"Ga wa?"

"Ga wani mai jaki, ɗan Taloka, mai yawo da daddawa da gishiri. Da jansa yaka kawo min shi, ni dai in yanke inda tabo yake in naɗa. Yac ce wata tsohuwa ce nan Wurno ka ba shi, shi ba ta kayan miya."

A tsakar gida Inna Kulu na daka. Muka ji taɓarya ta tsaya.

Kawu ya ɗaga murya.

"Kulu."

"Na'am, Malam." Ta zo bakin ƙofa, hannunta duk gari.

"Ganyen da nic ce ki ƙona."

"Hayaƙinsa na sa ni tari, Malam."

"Ina kika kai shi?"

"Tsohuwar randar can da taf fashe, ta gindin murhu. Nan nika dannawa, in aza ɗan dutsen niƙa, in ruhe da tsumman tabarma. In mai jaki ya zo shi kwashe." Ta goge hannu a zane. "Da mi kaka zaton miya ka daɗi?"

Kawu ya dube ni, na tashi. Randar na nan inda na saba ganinta tun ina yaro, ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke ciki. Na ɗage tabarma, na ɗage dutse. Ɗumi ya bugi fuskata, da ƙanshi kamar an buɗe taikin dabino. Na sa hannu can ƙasa na zaro. Ja ne, mai duhu, mai ƙyalli, ga laushi kamar ƙyallen alharini.

Na kawo masa. Ya ɗaga ganye ɗaya wajen hasken ƙofa, ya runtse ido ɗaya. Ga ɗigon nan kamar ƙwayar gero, wanda saboda shi ya jefar.

"Mi kinka yi mashi?"

"Ba komai, Malam. Mantawa nikai da shi, wata da watanni."

Labbo ya yi dariya har da hawaye. "Ka ji! Ganye na son a matse shi wuri mai ɗumi, a ƙyale shi shi yi gumi. Kai ko sahe da marece kana juya naka, kana yi mashi hihita awa amarya. Yaushe zai yi ja?"

Na yi zaton ko Kawu zai yi fushi, ko ya yi kuka. Sai ya ce in ɗauko masa allon naɗi da wuƙa da ƙaro. Ya kwantar da ganyen a kan allo. Ya tsaga ƙashin da farcen nan, ya yanke gefen ɗigon, ya murza ciki daga tabarsa, ya naɗa, jijiya na kallon ciki, ƙaro ɗan kaɗan a kan yatsa. Ban taɓa ganin naɗi irinsa ba, miƙaƙƙe, sumul, ja kamar an rina. Ya miƙa wa Labbo. Na kawo garwashi. Labbo ya kunna, ya zuƙa, yana kallon tokar na fitowa fara, daidai ta kowane gefe.

"Arzika, ban taɓa yin irin wanga ba. Ba ni kuma iyawa."

"Kunyata kaka ji," in ji Kawu. Amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Ya jingina da bango, yana murmushi, yana cewa, "Ashe ganyena ne. Ashe ganyena ne." Na ce to, yanzu kam ya huta. Can sai na ga murmushin na raguwa, kai ya fara karkata, ido ɗaya ya fara runtsewa. Ya juya wajen ƙofa, inda Inna Kulu ke tsaye.

"Wato duk shekarun ga, ba Labbo ne yah hi ni ba."

Ya ɗaga farcen nan ya nuna ta.

"Kulu ce."

"Ni dai daddawa nika nema, Malam," ta ce, ta koma ga turminta.

Ku da kuka zo gaishe shi a kwanakinsa na ƙarshe kun tuna. Ya naɗa wasu 'yan kaɗan da ganyen randa, ya jera a faifai kusa da shimfiɗarsa. Mutum ya ɗauka ya ce, "Kawu, wannan kam ba a taɓa yin irinsa ba." Shi kuma ya karkata kai, da 'yar muryar da ta rage masa, ya nuna madafa da haɓa.

"Ka ga na Kulu?"

Ya rasu kafin a dasa tabar bana. Labbo ya zo, shi ya riƙe gaban makara.

Bayan an watse na koma zaure, na buɗe gafakata don in sami abin da zan sa ido a kai. Ganyen nan na ƙasa, kamar kullum, fari-fari kamar sabuwar ƙwarya. Ban san abin da ya sa ba, na fita da shi tsakar gida, na ɗaga shi wajen rana, na runtse ido ɗaya, ina neman ɗigon da ya sa aka jefar da shi. Na bi shi daga tsini har gindi, na juya, na sake bi, ni da ba na barin ɗigon tawada ya wuce ni. Babu. Ba daga tulin ƙonawa yake ba. Daga cikin 'yan gatan ne, waɗanda ake tambaya kwana. Littattafaina kuwa, har yau, gara ba ta taɓa ko gefen ɗaya ba.

Allah ya jiƙan Kawu Arzika, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya ba Inna Kulu haƙurin rashinsa, kamar yadda ya ba ta haƙurin zama da shi. Ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi inuwa mai faɗi, wadda za ta ishe shi har ya manta da leƙa ta maƙwabci. Amin.